A Fara Nuna Masa, Kafin A Ce Ya Yi

A shekarar 1985, John Sweller da Graham Cooper na Jami'ar New South Wales da ke Ostireliya suka raba ɗalibai masu koyon aljebra gida biyu. Kashi na farko aka ba su tambayoyi su warware da kansu. Kashi na biyu kuwa, kafin kowace tambaya sai a miƙa musu wata irinta da aka riga aka warware daki-daki, su nazarta. Da aka zo gwaji, 'yan kashi na biyu suka fi sauri a tambayoyi masu kama da waɗanda suka gani, kuskurensu ma bai kai na 'yan'uwansu ba.

Me ya jawo haka? Abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa ta jujjuya a lokaci guda bai taka kara ya karya ba. A 1956 George Miller ya ƙiyasta abubuwa bakwai. A 2001 Nelson Cowan ya ce huɗu ne ya fi kusa da gaskiya. Sabon shiga da aka bari da tambaya lalube yake yi: ina nake, ina zan dosa, wace dabara zan gwada? Laluben nan shi ke cinye ɗan gurbin da yake da shi. Ko ya dace da amsa, ka ce gobe ya sake bin hanyar, sai ya tsaya yana kallonka. Abin da ke min ciwo shi ne irin wannan yaron ake kira daƙiƙi, alhali ba a taɓa nuna masa hanya ba.

Sai dai kwafe abin da malam ya rubuta a allo ba shi ne nazari ba. Michelene Chi da abokan aikinta sun gano a 1989 cewa ɗaliban fiziks da suka fi amfana da misalan da aka warware su ne masu tsayawa a kowane mataki suna bayyana wa kansu dalilinsa.

Kuma misali yana da lokacinsa. Slava Kalyuga da su Sweller sun nuna a 2003 cewa idan hannun ɗalibi ya faɗa, misalin kan koma masa kaya, gara a bar shi da tambaya. Shi ya sa Alexander Renkl na Jamus ya ba da shawarar a riƙa janyewa sannu a hankali: yau a goge matakin ƙarshe ɗalibi ya cike, gobe a goge biyu, har ya warware tambayar shi kaɗai.