Daga Kan Ƙanƙara Zuwa Gonar Inabi: Yadda Tsinkakkiyar Gwiwa Ke Warkewa

Jama'a, a kudu maso yammacin ƙasar Suwizalan akwai wata jiha da a ke kira Valais. Dogon kwari ne, kogin Rhone ya ratsa ta tsakiyarsa, duwatsun Alps kuma sun sa shi a tsakiya dama da hagu. Abubuwa biyu su ka fitar da sunan wannan jiha a duniya. A can bisa duwatsu akwai garuruwan wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, irin su Zermatt da Verbier da Crans-Montana, ga kuma dutsen nan Matterhorn mai tsawon mita 4,478. A gindin duwatsun kuwa gonakin inabi ne, kusan hekta 5,000, waɗanda ke ba da kimanin kashi ɗaya cikin uku na giyar inabin da a ke yi a ƙasar duka.

Mai karatu da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan zai ce, to ina ruwan biri da gada? Ka dai yi haƙuri ka biyo mu. Gwiwar da ke tsinkewa a kan ƙanƙara irin taka ce, kuma abin da likitoci su ka koya a kanta zai amfani ɗan ƙwallo da ɗan dako da mai babur.

YADDA ABIN KE FARUWA

A ce wani saurayi ya hau dutse a watan Janairu. Ya sa takalman roba masu tauri da su ka rufe masa idon sawu har ƙwauri, an maƙala kowane takalmi a jikin wani dogon katako siriri. Da waɗannan katakai biyu ya ke sulalowa daga bisa a guje. Can sai ya yi tangaɗi, jikinsa ya koma baya kamar mai shirin zama, bayan katakon ya kama ƙanƙara ya juya. Takalmi ya riƙe idon sawu gam, saboda haka duk murɗawar sai ta ƙare a gwiwa. Ya ji wani abu ya yi ƙas a ciki. Kafin 'yan sa'o'i gwiwa ta kumbura suntum, domin jini ya taru a cikinta.

Manyan jijiyoyi huɗu ne ke ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri. Biyu suna gefe da gefe, biyu kuma suna can tsakiyar gaɓar, sun gilma wa juna. Ta gaba daga cikin masu gilmawar nan ita ce saurayinmu ya tsinka. Tsawonta bai fi santimita 3 da 'yan kai ba, amma ita ke hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa a ƙarƙashin cinya.

Wasu masu bincike a jihar Vermont ta Amurka sun fara ƙidayar raunukan wannan wasa tun shekarar 1972. Sun gano cewa da a ka kyautata takalma da maƙalan da ke sakin ƙafa idan an faɗi, karayar ƙwauri da ta idon sawu ta ragu ƙwarai, amma tsinkewar wannan jijiya ta ƙaru. Watau an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Gwiwa ita ke ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin uku na raunukan 'yan zamiya.

BA KOWA A KE YI WA AIKI BA

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya. Likita kan riƙe cinya da hannu ɗaya, ya jawo ƙwauri gaba da ɗayan, ya ji ko akwai abin da ya tokare. Sa'an nan a ɗauki hoton na'urar MRI, wadda ke nuna jijiya da guringuntsi.

Ba a cika gaggawar yin aiki ba. A kan jira 'yan makonni kumburi ya saɓe, gwiwa ta koma miƙewa da lanƙwashewa, domin wadda a ka yi wa aiki tana a kumbure ta fi saurin sandarewa. Bugu da ƙari ba kowa ne ke bukatar wuƙa ba. A shekarar 2010 a ka buga sakamakon wani gwaji da a ka yi a ƙasar Suwidin a kan matasa 121. An yi wa kashi ɗaya aiki da wuri, ɗaya kashin kuma a ka fara masu da motsa jiki, a ka ce sai in ta kama a yi aikin. Bayan shekara 2, fiye da rabin kashi na biyun ba su bukaci aiki ba, kuma ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin gwiwoyin ɓangarorin biyu ba. Amma wanda gwiwarsa ke yawan gocewa, ko mai son komawa wasan da a ke juyi da tsalle, shi kam galibi aiki a ke ba shi shawara.

Ita wannan jijiya ba kasafai ta ke haɗewa da ɗinki ba, don haka sabuwa a ke dasawa. A kan yanko wani sashe na jijiyar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, ko ta bayan cinya, daga jikin mai ciwon. Sai a huda ƙashin ƙwauri da na cinya, a zura ta, a ɗaure ta sama da ƙasa. Wani likita a birnin Bristol na Ingila, Hey Groves, ya bayyana irin wannan dashe tun 1917. A da sai an buɗe gwiwa gaba ɗaya. Yanzu kuwa 'yan ƙananan huji a ke yi, a zura siririn madubi mai fitila, irin wanda likitan Jafan Masaki Watanabe ya inganta a wajen 1959. Cikin awa ɗaya zuwa biyu an gama.

WATA UKU NA FARKO

A ce an yi wa saurayinmu aiki a farkon Maris. A daidai lokacin nan manoman kwarin Valais suna ƙarasa datse rassan inabi, itatuwan sun tsaya tsirara kamar busassu. Shi ma haka ƙafarsa ta ke. Cikin makonni kaɗan naman cinyar ya zube, har ya kan kasa ɗaga ƙafar daga kan gado.

Aikin farko da masu koyar da motsa gaɓɓai ke ɗora masa shi ne miƙe gwiwar sarai, da tsuke naman cinya, da sa ƙanƙara a rage kumburi. Zai dogara sanduna na kimanin mako 2, ko har mako 6 idan an ɗinke guringuntsi. Daga nan sai keken da ba ya tafiya, sai tafiya a cikin ruwa. A jihar akwai garin Leukerbad, inda ruwa mai zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, zafinsa har digiri 51, kuma tun zamanin da masu ciwon gaɓɓai ke zuwa can.

To ga inda mutane da yawa ke ruɗuwa. Wajen mako na 6 zuwa na 12 ciwo ya lafa, an ajiye sanduna, mutum ya ga kamar ya warke. Alhali kuwa a lokacin ne sabuwar jijiyar ta fi rauni. Dalili shi ne an raba ta da hanyoyin jininta, sai jiki ya tsirar mata da wasu, ya sāke saƙa ta sannu a hankali. Wannan saƙa kan ɗauki shekara guda ko fiye.

ZIYARAR GIDAJEN INABI

A watan Mayu na kowace shekara gidajen matsar inabi na Valais kan buɗe ƙofofinsu na 'yan kwanaki, baƙi su yi ta zagayawa gida gida. Ga mai jinyar da zaman ɗaki ya gundura, wannan fita ce mai daɗi, muddin ya san iyakarsa.

Abin da zai fara gani shi ne yadda a ka sassaƙa jikin dutse hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa an tokare shi da katangar duwatsu wadda ba siminti a cikinta. Kwarin nan shi ne wuri mafi ƙarancin ruwan sama a Suwizalan. Abin da ke sauka a Sion, babban birnin jihar, wajen milimita 600 ne a shekara, watau bai kai rabin na Ikko ba. Saboda haka tun ɗaruruwan shekaru manoma su ka haƙa magudanai a jikin duwatsu, suna jawo ruwan ƙanƙarar da ta narke zuwa gonaki. Ashe ƙanƙarar da ta kayar da saurayinmu ita ke shayar da inabin. A ƙauyen Visperterminen gonakin sun hau har mita 1,150, suna cikin mafiya tsawo a Turai.

A cikin gida kuma za a nuna masa matsa, da manyan tankunan ƙarfe, da gangunan katako a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi. A nan a ke barin ruwan inabi ya tsima, yis ya cinye zaƙinsa ya mai da shi giya. Baƙin da ke sha a kan zuba masu kaɗan kaɗan su ɗanɗana. Wanda addininsa ya hana shi, sai ya tsaya ga ruwan inabin da bai tsima ba, da burodi, da cukun nan nasu da a ke narkarwa a bakin wuta. Mai jinya ma, ko wane addini ya ke bi, likitoci kan gargaɗe shi kada ya haɗa giya da magungunan kashe zafi, balle ga matakalar dutse a gabansa.

Matakalar nan ita ce jarrabawarsa. Gangara ta fi hawa wuya ga gwiwar da a ka yi wa aiki. Ƙa'idar ita ce, in za a hau a fara da ƙafa mai lafiya, in za a sauka a fara da mai ciwo. Tsakanin Sierre da Salgesch akwai hanyar ƙafa ta kilomita 6 da ta ratsa gonaki. A watan Mayu sai dai ya taɓa kaɗan ya dawo. Amma in ya riƙe motsa jikinsa, zuwa kaka, watau Satumba da Oktoba, sa'ad da ma'aikata ke saukowa da akwatunan inabi, zai iya takawa daga wannan kai zuwa wancan.

AUREN INABI

Akwai wani abu da manomin wurin zai nuna masa a gindin kowace itaciya, wani ɗan kulli kusa da ƙasa. Wurin aure ke nan, kamar yadda mu ke yi wa mangwaro. A wajen 1863 wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera ya shigo Faransa daga Amurka, yana cin saiwar inabi, ya halaka gonaki a ƙasashen Turai. Maganin da a ka samu daga bisani shi ne a ɗauko reshen inabin Turai a aura shi a kan gindin inabin Amurka, wanda ƙwaron ba ya iya kashewa. Har yanzu haka a ke yi. Kuma manomin da ya dasa sabon aure ya san sai ya yi wajen shekara 3 kafin ya tsinki abin kirki. Ba ya jan reshen don ya ga ko ya kama.

Likitoci ma abin da su ke roƙon masu jinya ke nan. Sassarfa sai wajen wata na 3 ko na 4. Komawa wasa kuwa sai wata 9 zuwa 12, bayan an auna ƙarfin cinyar an ga ya kusa daidai da na ɗayar. Wani bincike na haɗin gwiwa tsakanin Norwe da Amurka da a ka buga a 2016 ya nuna cewa kowane wata guda da ɗan wasa ya ƙara jira, har zuwa wata na 9, haɗarin sāke jin rauni kan ragu da kimanin rabi. Wani nazarin na 2014 kuma ya nuna kashi 81 cikin 100 sun koma wani irin wasa, amma kashi 65 ne kawai su ka koma matsayinsu na da.

Ko gwanaye ba su tsira ba. Ba'amurkiyar nan Lindsey Vonn ta tsinka jijiyoyin gwiwarta ta dama a Schladming ta ƙasar Ostiriya a watan Fabrairu 2013. Ta koma horo tana harin gasar Olamfik ta Sochi, sai ta sāke faɗuwa a watan Nuwamba, gwiwar ta sāke lalacewa. Gasar ta 2014 ta wuce ba da ita ba, a ka sāke yi mata aiki. Sai a watan Disamba 2014 ta sāke cin tsere. Sauri dai ya haifi nawa.

ABIN DA YA SHAFE MU

Mu nan ba mu da ƙanƙara, amma muna da filin ƙwallo, da tsalle daga mota tana tafiya, da santsin kasuwa da damina ga mai kaya a ka. Duk wanda gwiwarsa ta murɗe, ya ji ƙara, ta kumbura nan take, daga baya kuma ta riƙa gocewa in ya juya, kada ya ce targaɗe ne kawai. Ya huta, ya ɗaga ƙafar, ya naɗe ƙanƙara a tsumma ya ɗora na minti 15 zuwa 20, sa'an nan ya nemi likitan ƙashi. Asibitocin ƙashi na tarayya da ke Igbobi a Ikko, da Inugu, da Dala a Kano, aikinsu ke nan.

Maɗori ƙashi ya ke ɗorawa. Jijiyar da ke can cikin gaɓa hannu ba ya kai mata, kuma ɗaure gwiwa da karare na makonni sai ya sandarar da ita. Gwiwar da a ka bari tana gocewa kuwa kan yaga guringuntsinta, ta jawo ciwon gaɓa tun mutum bai tsufa ba.

Wanda za a yi wa aiki ya gaya wa likita tun da wuri cewa shi mai yawan durƙuso ne da zaman tabarma, domin jijiyar da a ka yanko daga ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa ta fi barin zafi wajen durƙusawa. Bayan aiki kuma, in sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti a ranar, domin yana iya zama gudan jini ne ko ƙwayar cuta ta shiga. Sauran kuwa sai haƙuri da motsa jiki kullum, ko da maƙwabta na cewa ai ka warke.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.