Wa Za a Fara Sallama? Yadda Kwamfuta ke Tsara Layi a Ƙofar Faifanta

Duk ɗalibin da ya taɓa zama gaban tsohuwar kwamfuta a ɗakin kwamfuta na makaranta ko a shagon buga takardu ya san wannan yanayin: ka danna abu, allo ya yi tsit, wata 'yar fitila a jikin na'urar tana ta ƙyaftawa, kana jin ƙaramin sauti kamar ɓera na cin gyaɗa a cikin akwati. Nan take sai a ce kwamfuta ta tsaya, ko kuma a ɗora wa ƙwayar cuta laifi. Sau da yawa ba ta tsaya ba. Layi ne ya yi tsawo a ƙofar faifan da ke ajiye bayanai, kuma akwai wani ɗan sashe a cikin manhajar kwamfutar da aikinsa kawai shi ne yanke hukuncin wa za a fara sallama a wannan layin.

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, don haka ɗan aji shida na Kankiya ko Kusada ba shi da mafita sai ya saba da wannan na'ura. Sanin abin da ke faruwa a cikinta yana rage fargaba, yana kuma hana mutum yin abin da zai ƙara dagula lamarin.

Mu fara da faifan kansa. Tsohon nau'in ma'ajiyar kwamfuta, wanda har yau ana samun sa a cikin wasu kwamfutocin da ake kawo mana na hannu, faifai ne na gaske mai sheƙi da ke juyawa a cikin rufaffen gwangwani. A samansa akwai siririn hannu mai ɗauke da kan karatu, yana kai-komo daga bakin faifan zuwa tsakiya. An jera bayanai a kan zobba, zobe cikin zobe, kamar saƙar faifan kaba da iyayenmu ke rufe ƙwarya da shi. Kamfanin IBM ne ya fitar da na farko a 1956 a Amurka. Faifai 50 ne a jere, kowanne faɗin inci 24, kuma duk girman nan abin da yake iya ɗauka bai wuce haruffa kusan miliyan 5 ba. Yau hoto ɗaya mai kyau a waya yana iya cinye wurin.

Faifan kwamfutar tebur yakan juya sau 7,200 a minti ɗaya, wato sau 120 a daƙiƙa. Amma kafin a karanta wani abu, sai hannun ya yi tafiya zuwa zoben da abin yake, sannan ya jira faifan ya juyo da wurin ƙarƙashinsa. Wannan yakan ci kusan kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa. Za ka ce ai ba komai ba ne. To, ƙwaƙwalwar kwamfuta mai bugawa sau biliyan 2 a daƙiƙa ta yi bugu miliyan 20 a cikin wannan ɗan lokacin tana zaman jira. Ka ɗauka ɗan tsere ne aka haɗa shi tafiya da hawainiya.

Su kuwa masu buƙatar faifan ba su da iyaka. Manhajar rubutu tana son ta ajiye aikinka, mai kunna karatu ko waƙa yana son gaɓa ta gaba, mai binciken ƙwayar cuta yana bin fayil ɗaya bayan ɗaya, ga kuma sabuntawa da ke saukowa daga intanet. Babu wanda aka yarda ya taɓa faifan da kansa. Kowa sai ya miƙa buƙatarsa ga zuciyar babbar manhaja, wadda masana ke kira kanel. Ita ce mai unguwar kwamfuta: ita ke raba lokaci, ita ke raba wuri, ita ke sasanta rikici. A cikinta ne mai tsara layin faifai yake zaune.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda muka sani a wurin injin niƙa: wanda ya riga ajiye kwanonsa shi za a fara niƙa wa. Adalci ne, babu mai gardama. Sai dai a kan faifai tana jawo wahala. A ce direba ya ɗauko saƙonni a Kankiya, kuma ya rantse sai ya kai su bisa yadda aka ba shi: na farko Bichi, na biyu Charanchi, na uku Tsanyawa, na huɗu Katsina, na biyar Gidan Mutum Ɗaya. Duk wanda ya san hanyar Katsina zuwa Kano ya san wannan direba zai yi ta wuce Kankiya yana dawowa har man motarsa ya ƙare, alhali duk garuruwan a kan titi ɗaya suke.

Mu sa lissafi. A ce zobban faifai 100 ne, hannun yana kan na 50, buƙatu kuma sun iso a haka: 90, 10, 95, 15, 55. Idan aka bi su yadda suka zo, hannun zai yi tafiyar 40, da 80, da 85, da 80, da 40, jimla 325. Idan kuwa aka ce kullum a je wa wanda ya fi kusa, zai taɓa 55, sai 90, sai 95, sai 15, sai 10, jimla 130 kacal. Aiki ɗaya, amma tafiyar ba ta kai rabi ba. Ku gwada da alƙalami ku gani.

To me ya hana a tsaya a nan? Dabarar "na kusa shi ne gaba" tana da mugun hali. Idan sababbin buƙatu suka yi ta fitowa a kusa da inda hannun yake, ba zai taɓa barin unguwar ba. Mai saƙon Katsina zai kwana yana jira saboda direba ya sami ciniki tsakanin Tsanyawa da Bichi. Masana kwamfuta suna kiran wannan hali da yunwa, kuma sunan ya dace, domin buƙatar tana nan da ranta amma an hana ta abinci. Ga mai amfani da kwamfuta, yunwar ita ce lokacin da ake kwafar babban fim, kai kuma ka kasa buɗe wasiƙa mai shafi ɗaya.

Maganin da aka daɗe da samowa an aro shi ne daga lif, na'urar hawa dogon bene. Lif in ya nufi sama, yana tsayawa a kowane hawa da aka kira shi har ya kai ƙarshe, sannan ya juyo ƙasa yana kwasar na hanya. Ba ya juyawa a tsakiya don wani ya danna. Haka direbanmu: ya miƙe kudu ya sauke na Gidan Mutum Ɗaya, Tsanyawa da Bichi, ya juyo arewa ya sauke na Charanchi da Katsina. Kowa ya san dai motar za ta biyo ta ƙofarsa. A kan hanya kuma, in an ga buƙatu biyu maƙwabtan juna ne a kan faifai, sai a haɗe su a yi musu tafiya ɗaya.

Inda aka fi ganin wannan muhawara a fili shi ne manhajar Linux, saboda a buɗe take, kowa na iya karanta yadda aka rubuta ta. Linus Torvalds ya fara ta a 1991 yana ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Kada ku ce ba ruwanku da ita: duk wayar Android da ke aljihun yayanku, kanel ɗin Linux ne a cikinta. Da farko salon lif aka yi amfani da shi, sai aka ga har yanzu wasu buƙatu na daɗewa fiye da kima. A 2002 Jens Axboe, ɗan ƙasar Denmark, ya kawo tsarin wa'adi. Ana bin salon lif, amma kowace buƙata an ɗaura mata agogo: ta karatu rabin daƙiƙa, ta rubutu daƙiƙa 5. Da zarar wa'adi ya cika, sai a bar komai a nufe ta.

Wannan bambanci tsakanin karatu da rubutu shi ya fi burge ni a duk darasin. Wanda ya nemi a karanto masa abu yana tsaye ne cak, ba zai iya ci gaba ba sai an kawo. Wanda ya ba da abu a rubuta kuwa, ana iya ce masa "an karɓa, je ka", a riƙe abin a ma'ajiyar wucin gadi, a rubuta daga baya in an sami sarari. Dabara ce mai kyau a ƙasar da wuta ba ta motsi. A wurinmu akwai haɗari a ciki. Linux, in ba a sauya tsarinta ba, tana iya riƙe sabon rubutu har kusan daƙiƙa 30 kafin ta tura shi layin faifai, kuma ma'ajiyar wucin gadi tana mance komai da zarar wuta ta ɗauke. Shi ya sa ake cewa kada ka fizge filasha daga jikin kwamfuta don kawai allo ya nuna an gama kwafa. Umarnin nan na "cire lafiya" da mutane ke rainawa, ma'anarsa ita ce a sallami duk wanda ya rage a layi kafin a rufe ƙofa. Aikin makaranta na mako guda yana iya lalacewa a wannan 'yar tazarar.

Akwai wata dabara mai ban dariya da Sitaram Iyer da Peter Druschel na Jami'ar Rice a Amurka suka gabatar a 2001. Sun lura cewa shirin da ya karanta wani wuri, yawanci nan da nan zai dawo neman na gaba da shi. Don haka suka ce bayan an sallame shi, hannun ya ɗan tsaya na 'yan kaso cikin dubu na daƙiƙa, bai yi komai ba, ko da akwai masu jira. Kamar ɗan acaɓa ne da ya sauke fasinja a ƙofar kemis ya ƙi tafiya, don ya san yanzu zai fito. Zaman banza, amma sai aiki ya ƙara sauri. Daga 2006 kuma Linux ta koma kan CFQ, shi ma na Axboe, wanda ke ba kowane shiri layinsa da ɗan rabonsa na lokaci, ana zagayawa kamar kwasar adashi. Paolo Valente na jami'ar Modena a Italiya ya zo da BFQ, mai raba rabo da yawan bayanan da aka ɗiba, aka shigar da shi a 2017.

Sai ga sabuwar ma'ajiya ta zo ta rushe rabin hikimar. SSD, da irin ma'ajiyar da ke cikin waya da filasha, ba su da faifai mai juyawa, ba su da hannu. Zuwa 10 da zuwa 95 duk ɗaya ne. Masu sauri a cikinsu suna iya sallamar dubban ɗaruruwan buƙatu a daƙiƙa, har ya zama mai tsara layin ne da kansa ke tare hanya. A 2014 aka buɗe layuka masu yawa a maimakon ɗaya, a 2019 kuma, da fitowar Linux 5.0, aka cire tsofaffin tsare-tsaren ciki har da CFQ. Ga ma'ajiya mai tsananin sauri, zaɓin da aka fi yi yanzu shi ne kada a tsara komai. A ganina wannan bai kashe darasin ba, domin ma'ajiyar waya mai araha da katin memori har yanzu suna da jinkiri, kuma tambayar wa za a fara sallama tana nan.

Abin da ɗalibi zai yi in ya ga fitilar nan tana ƙyaftawa ba tare da tsayawa ba shi ne ya cire hannunsa. Kowace dannawa da ta buɗe sabon shiri ƙarin mutane ce a layin da ya riga ya cika. Kashe na'urar ta maɓalli a wannan lokacin ya fi komai muni, don ana iya yanke rubutu a tsakiya.

Wanda kuma ke tunanin karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina zai tarar da wannan lissafin na zobba a kwas ɗin babbar manhaja. Ba sai ya jira ba. In ya sami kwamfuta mai Linux, ya buɗe baƙin allon umarni ya rubuta cat /sys/block/sda/queue/scheduler, za ta jero masa sunaye irin su mq-deadline, bfq da none. Wanda aka kewaye da baka mai kusurwa shi ne ke riƙe da ƙofar faifan a lokacin.