Insulin da Zafin Garwa: Yadda Za Ku Adana Allurar Ciwon Suga

Yis ɗin da mai tuyar fanke ke zubawa a ƙullu da daddare, wanda kuma ke kumbura burodin da kuke karyawa da shi, halitta ce mai rai, ƙwaya ɗaya tak wadda ido ba ya gani. Wataƙila ku yi mamaki idan aka ce muku da irin wannan yis ake yin kaso mai yawa na allurar insulin da masu ciwon suga ke amfani da ita a yau. Sanin yadda abin yake zai fahimtar da ku dalilin da ya sa maganin ba ya jure rana.

Jikin ɗan Adam ƙwayoyin halitta ne masu ɗimbin yawa, kowace tana ƙera abin da ake kira furotin. Ku ɗauki furotin kamar carbi: 'ya'yansa su ne amino asid, iri 20 ne, kuma yadda aka jera su ke bambanta wani furotin da wani. Wasu dogaye ne masu ɗaruruwan 'ya'ya, wasu guntaye. Insulin na cikin guntayen, 'ya'ya 51 kacal gare shi. Ana yin sa ne a wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. A can ƙwayar halitta ke fara jera zare mai 'ya'ya 86, ta naɗe shi, ta yanke tsakiyarsa, sai a samu guntaye biyu manne da juna. Su ne ke buɗe wa suga hanya ya bar jini ya shiga tsoka. Idan babu su, suga ya taru a jini, sai ƙishirwa da yawan fitsari da rama.

A birnin Toronto na Kanada aka fara tatso insulin a 1921, kuma a Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa, ya farfaɗo. Shekaru kusan 60 daga jikin shanu da aladu ake samo shi. Daga 1982 aka soma sarrafa irin na ɗan Adam da ƙwayoyin bakteriya, sannan a ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Danmak ya koma amfani da yis. Ana dasa wa yis umarnin gado na ƙera zaren, a raine shi cikin manyan tankuna, a tace abin da ya fitar, a gyara yankansa. Kada dai wani ya yaudare ku: yis na kasuwa ba shi da wannan umarni, cin sa ko jiƙa shi a sha ba ya maganin suga.

Da yake furotin ne, ciki na narkar da insulin kamar yadda yake narkar da nama, shi ya sa ake yin sa ta allura. Zafi kuma na warware naɗinsa, kamar yadda ruwan ƙwai ke sandarewa a kasko ba ya komawa yadda yake. Daskarewa ma na ɓata shi.

A nan damuwarmu take. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa kan haura digiri 40, a rumfar kwano ko cikin motar da aka rufe kuwa ya fi haka. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, wato cikin firij, nesa da ɗakin ƙanƙara. Wadda aka fara amfani da ita takan yi kimanin mako huɗu a waje, muddin wurin na da sanyi-sanyi. Ku rubuta ranar buɗewa a jikinta. Wani bincike da ƙungiyar likitocin "na gari na kowa", wato MSF, da Jami'ar Jeneba suka wallafa a 2021 ya kwantar da hankali ƙwarai. Sun auna zafin gidaje a sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, suka ga yana hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, kuma a irin wannan yanayi insulin ya yi mako huɗu bai rasa ƙarfinsa ba. Sai dai ku lura, bazararmu ta wuce 37.

Wanda ba shi da firij, ko wutarsa ba ta tsayawa, ya koma ga tukunyar ƙasa. Ku sa ƙaramar tukunya cikin babba, ku cika tsakaninsu da yashi, ku riƙa jiƙa shi safe da yamma, ku rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ku ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Dabarar ce ta sa Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, kuma ta fi aiki lokacin da iska ta bushe, wato daidai lokacin da kuka fi bukatarta. Kwalbar ta zauna cikin gwangwani mai murfi, kada ruwa ya taɓa bakinta ko ya goge rubutunta.

Ku fatake masu zirga-zirga tsakanin Garwa, Yola da Mubi, ku naɗe gwangwanin da ɗanyen ƙyalle ku riƙe a jakar hannu. Ban da gaban mota, ban da ƙarƙashin kujerar babur, ban da ɗora kwalba kai tsaye kan ƙanƙara. Idan kun sayi magani a ƙetaren iyaka, ku saya a kantin magani mai rajista, ku kuma duba lambar ƙarfinsa: kwalba mai 100 sirinji mai 100 take so, mai 40 kuma mai 40. Cakuɗa su na iya kai mutum ga suma.

Kafin kowace allura ku ɗaga kwalbar ga haske. Irin da yake garai kamar ruwa, in ya yi duhu-duhu ya lalace. Irin mai kama da madara, ku murza shi a tafin hannu a hankali; in ya bar gudaji ko ya manne a jikin kwalba, ku yar. Wani lokaci kuma maganin kan raunana ba tare da ya sauya kama ba. Idan suga ya ƙi sauka alhali ba a canza abinci ba, kada ku ƙara wa kanku adadin allura. Ku ɗauki kwalbar ku je cibiyar lafiya mafi kusa. In mara lafiya ya fara amai, ko numfashi sama-sama, ko magagi, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.