ZABIYA: GADO NE DAGA UWA DA UBA

A birane da ƙauyukan Nijeriya akan haifi jariri fari fat, mai gashi ruwan ɗorawa ko ja-ja, alhali kuwa uwarsa da ubansa duk baƙaƙe ne. Wannan shi ne ake kira zabiya. A unguwa irin ta Dogo Nini a cikin Potiskum, inda Hausawa da Ngizim da Kare-kare da Bolewa da Fulani ke zaune tare, kowace ƙabila tana da nata zancen game da irin wannan haihuwa. Wasu su ce aljani ne ya shafi cikin, wasu su ce baki aka yi wa gidan, wasu kuma su zargi uwar da abin da ba ta aikata ba. An sha sakin mata saboda wannan zato. Ya kamata jama'a su san abin da likitoci suka tabbatar.

Yadda abin yake faruwa

A cikin fatar kowane mutum akwai wani sinadari mai suna melanin. Shi ne ke ba fata da gashi da ƙwayar ido launinsu, shi ne kuma ke tare hasken rana kada ya ƙona jiki. Zabiya mutum ne wanda jikinsa ba ya yin wannan sinadari, ko kuwa yana yin kaɗan ƙwarai. Jininsa da zuciyarsa da ƙwaƙwalwarsa daidai suke da na kowa.

Umurnin yin melanin yana cikin ƙwayoyin gado, watau waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ɗa ke karɓa daga iyayensa. Kowane mutum yana da su bibbiyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan ɗaya ta sami tangarɗa, ɗayar kuwa lafiyayya ce, to, lafiyayyar ta isa ta yi aikin duka. Mai irin wannan hali baƙi ne wuluk kamar danginsa, ba shi da wata alama, yana iya tsufa bai san yana ɗauke da kome ba. Sai ran da ya auri mace mai ɗauke da irin wannan ƙwaya, yaro kuma ya karɓi mai tangarɗar daga kowane ɗayansu, sa'an nan a haifi zabiya.

A nan ne ya kamata magidanta su natsu. A irin wanda ya yawaita a ƙasarmu, wanda ke shafar fata da gashi da ido gaba ɗaya, uwa ita kaɗai ba ta iya haifar da zabiya. Lalle sai uba ya ba da nasa rabon. Mijin da ya kori matarsa a kan haka ya kore ta ne a kan abin da rabinsa daga jikinsa ya fito.

Lissafin kamar na ciwon sikila yake, wanda yanzu jama'a da yawa suka fahimta saboda gwajin jini kafin aure. Idan miji da mata duk suna ɗauke da ƙwayar, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu ya zama zabiya, biyu cikin huɗu ya zama mai ɗauke da ita a ɓoye kamar iyayensa, ɗaya cikin huɗu kuma ya fito ba tare da ita ba. Kowane ciki lissafinsa dabam ne. Saboda haka wani gida ya haifi 'ya'ya takwas ba zabiya ko ɗaya, wani kuma ya sami biyu a jere. Zabiya da ya auri wadda ba ta ɗauke da ƙwayar ba zai haifi zabiya ba, sai dai 'ya'yansa duka za su ɗauke ta. Auren zumunci yakan ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ita, gama 'yan'uwa daga kaka ɗaya suke gado. Amma baƙi biyu da ba su haɗa kome ba su ma suna iya haifa.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne ga mutanenmu. Makiyayan da ke cika kasuwar shanu ta Potiskum sun san maraƙi yakan tsallake launin uwarsa da na ubansa ya ɗauko na wani kaka. Malamai kuma sun san labarin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗansa saboda launinsa ya saɓa da nasa. Aka tambaye shi yadda aka yi ya sami raƙumi mai launin toka a cikin jajayen raƙumansa. Ya ce watakila gado ne ya jawo. Aka nuna masa cewa ɗansa ma yana iya zama haka, ba a kuwa ba shi izinin kore shi ba.

A ƙasashen Turai da Amurka ana samun zabiya ɗaya cikin mutum 17,000 zuwa 20,000. A Afirka kudu da Sahara abin ya fi haka yawa, ana ƙiyasta ɗaya cikin 5,000 zuwa 15,000. Ba ya yaɗuwa ta cin abinci tare, ko gaisawa, ko kallon mai ciki. Ba kuturta ba ne. Gishiri ba ya jawo ɗigo-ɗigon da ke fitowa a fatarsu, rana ce ke jawo su, don haka hana yaro gishiri wahalar da shi ne kawai. Zancen cewa zabaya ba sa mutuwa, ɓacewa suke yi, ko cewa sassan jikinsu na kawo arziki, ƙarya ce wadda ta jawo kisan rayuka a Tanzaniya da Malawi.

Ido da makaranta

Melanin yana da aiki wajen ginuwar ido tun yaro yana ciki. Shi ya sa ganin zabiya yake da rauni, ƙwayar idonsa tana rawa, haske mai ƙarfi kuma yana damunsa. Ba makaho ba ne, raunin kuma ba ya ƙaruwa da shekaru. Tabarau yana taimakawa, ko da yake ba ya gyara ganin ɗungum. Malami da ya ga yaro yana manna littafi a fuska, ko yana kasa kwafar abin da ke kan allo, kada ya ɗauke shi daƙiƙi. A zaunar da shi a layin gaba, nesa da hasken taga, a yi rubutu manya-manya, a bar shi ya matso kusa da allo, a ƙara masa lokaci a jarrabawa. Manufar Ƙasa a kan zabaya, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a 2012, ta tanadi irin wannan kulawa, bayan fafutukar Gidauniyar Zabaya da Jake Epelle ya kafa a 2006. Tun daga 2015 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya take tunawa da zabaya kowace ranar 13 ga Yuni, kuma 'yar Nijeriya, Ikponwosa Ero, ita ce ta fara riƙe muƙamin ƙwararriyar Majalisar a kan haƙƙinsu. Iyaye su kai yaro a auna idonsa kafin ya shiga aji ɗaya. Ana yin haka a sashen ido na manyan asibitoci, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Rana

Babban haɗarin da ke kan zabiya shi ne rana. Tun a 1975 Dokta Anezi Okoro, likitan fata a Inugu, ya wallafa binciken da ya yi a kan zabaya 1,000, ya nuna irin ɓarnar da rana ke yi wa fatarsu. Fatar da ba ta da melanin tana ƙonewa cikin ɗan lokaci. Ƙuna bayan ƙuna, shekara da shekaru, sai fata ta yi kaushi, ta fitar da ɓawo, daga nan wani wurin ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Shi ne ke kashe zabaya da yawa tun suna samari, alhali kuwa ana iya kauce masa. A Jihar Yobe, inda zafin bazara ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, wannan magana ta fi nauyi. Kada hazon hunturu ko gajimaren damina su ruɗi kowa, gama hasken da ke ƙona fata yana ratsa su.

Kariya tana farawa tun daga goyo. Kada a goya jariri zabiya kai buɗe zuwa kasuwa ko gona. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a nemi inuwa. A sa riga mai dogon hannu da yadi mai kauri, da dogon wando ko zane. Hular zanna da ƙube ba sa rufe kunne da ƙeya, inda ciwon ya fi fitowa. Malafa mai faɗi ta fi su amfani nesa ba kusa ba. Mace mai hijabi ta ƙara da lema domin fuska. Akwai man shafawa na kariya daga rana, wanda ake rubuta lamba 30 ko 50 a jikinsa; a shafa a fuska da kunne da wuya da bayan hannu kowace safiya, a sake idan an yi zufa ko alwala. Yana da tsada, gaskiya ne, kuma ba kowane kanti ke da shi ba. Wanda bai samu ba ya dogara ga tufafi da inuwa. Man kaɗanya da basilin suna tausasa fata, amma ba sa maye gurbinsa.

Haka nan wajen zaɓen sana'a. Talla da kiwo da acaba da noman tsakar rana ba su dace da zabiya ba. Karatu, ko tireda, ko wani aiki na cikin rumfa ya fi masa. Idan noma ya zama dole, a yi shi da sassafe da kuma bayan la'asar.

A riƙa duba fata kowane wata, wani ya duba masa ƙeya da bayan kunne. Duk miki ko ƙurji da ya yi mako uku bai warke ba, ko yana jini, ko yana girma, a kai shi asibiti nan da nan, kada a tsaya ɗora masa magani a gida. Mutumin Dogo Nini ya fara da babban asibitin Potiskum, daga can a tura shi Asibitin Koyarwa na Damaturu ko na Maiduguri idan akwai bukata. Ciwon da aka gano yana ƙarami, likita yakan yanke shi cikin ɗan lokaci, mutum ya koma gida ran nan.