Kafin A Haƙa Harsashin Majami'a

A garuruwa da yawa mun ga bangon majami'a tsaye babu rufi, ciyawa ta tsiro a ciki, damina tana cinsa shekara bayan shekara. Mutanen ba ragwaye ba ne. Sun fara da ƙwazo, amma ba su zauna sun yi shawara ba. Ubangijinmu Yesu ya yi gargaɗi a kan haka cikin Luka 14:28-30, inda ya nuna cewa mai gini ya kamata ya fara yin lissafi.

Amma akwai tambayar da ta riga lissafin kuɗi. Wane aiki Allah ya ba ikilisiyarmu a wannan gari? Idan yaranmu sun yi yawa, sai a tanadi ɗakunan makarantar Lahadi. Idan akwai manya da ba su iya karanta Littafi Mai Tsarki ba, a yi rumfar koyon karatu. Zumuntar mata tana bukatar wurin taro. Tsofaffi da guragu kuma suna bukatar ƙofar da ba ta da matakala mai tsawo. Aikin ne zai nuna fasalin ginin, ba gasa da ikilisiyar maƙwabta ba.

Mu tuna da Wusasa. Da mishan na CMS ya koma can daga birnin Zariya a 1929, an gina majami'ar da ƙasa, irin ginin Hausa. Baƙo bai ga abin da zai tsorata shi ba, gyaranta kuwa bai fi ƙarfin jama'a ba.

Ga shawararmu ga dattawan ikilisiya. A sami takardar mallakar fili tukuna. A tara kayan aiki kamar yadda Sarki Dawuda ya yi cikin 1 Tarihi 22. A fara da rani, a sa kwano kafin ruwan fari. A riƙa karanta lissafin baiko a gaban jama'a kowane wata, domin zargi yana raba 'yan'uwa. Kada kuma a taɓa albashin mai bishara don sayen siminti. In an gama gini an rasa mai kai Bishara ƙauyuka, me aka samu?

'Yan'uwa, mu yi addu'a, mu yi shawara, sa'an nan mu kira magina.