Ciyawar Kuloba a Filin Gida: Kafin Ka Ɗauko Feshi, Fara Duba Ƙasarka

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari suka saurara ba.

Yau za mu leƙa gidajen Ingila da Amurka ne, inda 'yan'uwanmu da dama ke karatu ko aiki. A can, gidaje da yawa suna da ɗan fili a gaba ko a baya, wanda aka shimfiɗe da koriyar ciyawar ado. Kula da shi kuwa ba wasa ba ne, don a wasu unguwannin Amurka ƙungiyar masu gidaje tana iya cin ka tara idan ka bar naka ya lalace. Cikin abubuwan da ke ba masu irin wannan fili ciwon kai akwai wata 'yar tsiro da ake kira kuloba.

Gane ta ba wuya. Ganyenta uku-uku ne, furenta fari ne dunƙulalle, kuma yaɗo take yi a ƙasa. Duk inda gaɓarta ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa. Furen yana jawo ƙudan zuma, shi ya sa masu yara ƙanana da ke wasa ba takalmi suke tsoron ta.

To me ya sa take mamaye fili? Duk wanda ya taso a gidan noma ya riga ya san amsar. Kuloba dangin wake da gyaɗa ce. Idan ka taɓa tuge gyaɗa, ka ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwarta. A ciki akwai ƙwayoyin bakteriya da ke ɗauko sinadarin naitirojin daga iska, wadda kusan kashi 78 cikin 100 ɗinta naitirojin ne, su mayar da shi abincin shuka. Kuloba ma haka take, da takinta take yawo. Ciyawar ado ba ta da wannan baiwa, sai abin da ta samu a ƙasa. Da zarar ƙasa ta gaji, ciyawar ta rame ta yi gibi-gibi, sai kuloba ta shige gibin. Ke nan idan ka gan ta ta yi yawa, ƙasarka ce ke jin yunwa. Ka yi feshi sau goma, in ba ka ciyar da ƙasar ba, za ta dawo, musamman da yake irinta yana iya shekaru a kwance cikin ƙasa bai mutu ba.

Saboda haka matakin farko taki ne mai naitirojin, a lokacin da ciyawa ke tofowa, wajen Afrilu zuwa Mayu a can. Yuriyar da muka sani ma, kashi 46 cikin 100 ɗinta naitirojin ne. Amma ka bi ma'aunin da ke jikin buhu, kuma ka ba da ruwa bayan ka watsa, in ba haka ba sai ka ƙone ciyawar da hannunka.

Na biyu, daina aske filin tal-tal. Ɗaga injin yankan ka bar ciyawar ta kai kamar santimita 7 zuwa 8. Kuloba gajeriya ce, idan ciyawa ta yi mata inuwa sai ta rasa rana ta yi rauni.

Na uku, in ba ta yi yawa ba, hannu ya isa. Jiƙa wurin, ka tuge ta tare da yaɗonta da saiwarta gaba ɗaya. Sai ka watsa irin ciyawa a gurbin nan take, don wurin da aka bari fayau wani haki ne zai riga ka.

Feshi shi ne na ƙarshe. A nan ne mutane ke yin kuskure mai tsada: su sayo gilaifoset, wanda ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa sai ya kashe, su wayi gari filin ya zama ƙasa. Abin da ake nema shi ne maganin da ke kashe masu faffaɗan ganye ya bar ciyawa. 2,4-D, wanda manomanmu ma ke fesawa a gonar shinkafa da masara, shi kaɗai ba ya cika gamawa da kuloba, shi ya sa ake haɗa shi da dikamba da mekopurop. Fesa inda take kaɗai, ranar da babu iska babu hadari, nesa da furanni da kayan lambu, kuma yara su jira har wurin ya bushe. Wajen Satumba zuwa Oktoba ya fi ci. Ruwan khal da ake ta yaɗawa a intanet kuwa, ganye kawai yake ƙonawa, saiwar tana nan.

Wani abin mamaki, har zuwa shekarun 1950, da gangan ake zuba irin kuloba cikin irin ciyawar ado a Amurka, saboda tana ciyar da ƙasa. Bayan yaƙin duniya na biyu ne da irin waɗannan magungunan feshi suka cika kasuwa aka koma kallon ta a matsayin haki. Yanzu wasu sun fara dawo da ita, don tana rage kuɗin taki kuma tana jure fari. In babu dokar unguwa a kanka, ba kuma mai matsala da harbin zuma a gidan, barin ta ma zaɓi ne.

A nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.