Alƙahira: Wuraren da Ya Kamata Baƙo Ya Taka da Ƙafarsa

Mutanenmu da yawa suna zuwa Alƙahira, wasu neman magani, wasu karatu, wasu sarin kaya. Sai ka ga mutum ya yi mako biyu bai san ko'ina ba daga masauki sai asibiti. Abin yana damuna, domin tsohon birnin yana nan kusa, kuma yini ɗaya ya isa mutum ya ga abin da zai daɗe yana tunawa.

Ka fara da Masallacin Azhar. Jauhar, kwamandan Faɗimawa, shi ya kafa birnin a shekarar 969, aka gama masallacin a 972. A zamanin da, ɗaliban ƙasashe daban-daban suna da nasu zauren a cikinsa, har da na mutanen Barno. Ka yi sallah, ka ɗan zauna a farfajiyar, za ka iya jin Hausa a bakin ɗaliban da ke wucewa. Daga nan ka tsallaka titi zuwa Masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili. A kasuwar nan sai da ciniki, kada ka biya kuɗin da aka fara faɗa maka.

Amma in so samu ne, mafi yawan lokacinka ya tafi a titin Mu'izz, wanda ya ratsa tsohon gari daga ƙofar Futuh zuwa ƙofar Zuwaila. Tafiyar ba ta wuce kilomita ɗaya da 'yan kai ba, sai dai kowane taku da abin kallo: masallatai, makarantu, da wuraren shan ruwa na sadaka da masu hali suka gina, galibi da makarantar allo a samansu. A nan ginin Sarki Ƙalawun yake, na shekarar 1285, wanda ya haɗa makaranta da kabarinsa da asibitin da a lokacin ake duba marasa lafiya kyauta. Ƙofofin kuwa na dutse ne, sun haura shekara 900 a tsaye. Wanda ya san yadda badalar Kano ke zaizayewa, in ya tsaya a gindinsu sai ya yi shiru. Ka je da yamma, lokacin da rana ta yi sanyi aka kunna fitilu.

Ni dai masallacin da ya fi shiga raina shi ne na Ibn Ɗulun, wanda aka gama a 879, kafin a kafa Alƙahirar kanta. Ba cunkoso, ba hayaniya, sai fili fetal da hasumiya mai matakala ta waje. Ka hau, garin duka zai bayyana a gabanka. Ba nisa daga nan akwai makarantar Sarki Hasan, wadda aka fara ginawa a 1356, inda aka ware wa kowace mazhaba cikin huɗun nan ɓangarenta. Sama da ita, a kan tudu, ganuwar da Salahuddin ya fara a 1176 take, da masallacin Muhammad Ali a cikinta.

Mai sha'awar ilimi kada ya manta a garin nan Imam Shafi'i yake kwance, haka ma Jalaluddin Suyuɗi, ɗaya daga cikin malamai biyu da suka rubuta Tafsirin Jalalaini da muke saurare duk watan azumi. Shi ne kuma ya taɓa aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha.

Dalar Giza sai a ware mata safiya guda. Babbar, ta Fir'auna Khufu, ta kai shekara 4,500, kuma tsayinta na asali mita 146 ne. Ka isa da wuri kafin rana ta buɗe, ka kuma daidaita da mai raƙumi kan kuɗi kafin ka hau. Gawarwakin fir'aunoni ba a can suke ba. A 2021 aka mayar da 22 daga cikin gawarwakin sarakunan da matansu wani sabon gidan tarihi a Fusɗaɗ, unguwar da masallacin Amru ɗan Asi da tsofaffin majami'un Kibɗawa suke, don haka a fita ɗaya za ka haɗa su.

Daga Nuwamba zuwa Maris garin ya fi daɗin yawo, amma ka tafi da rigar sanyi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi mota sauri, kuma akwai taragun da aka keɓe wa mata.